Hoton Ya Yi Kyau, Amma Ya Dace Da Jigo? Darasi Daga Tarihin Hotunan Jirgin Ƙasa



Duk wanda ya daɗe a cikinmu ya san abin da ke biyo bayan fitar da sakamakon gasa. Kafin a gama taya zakaru murna, ƙorafi ya fara tashi ta bayan fage. Wani ya ce alƙalai sun yi son kai, wani ya ce dama can an san wanda za a ba. Amma ƙorafin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi cancanta a tsaya a duba shi, shi ne: "Labarin ya yi daɗi, amma ina ruwansa da jigon da aka bayar?" Mu kanmu mun sha faɗin haka, an kuma sha faɗa a kanmu. Abin ya wuce wasa, domin akwai waɗanda suka jingine alƙalami gaba ɗaya saboda gasa guda da suke ganin an zalunce su a cikinta.

Idan muka tsaya kan gasanninmu na gida, maganar za ta koma wane da wane, a tashi baram-baram. Shi ya sa a wannan mako muka ɗauko tarihin wasu mutane da ke nesa da mu, waɗanda suka shafe sama da shekara 150 suna irin wannan gardama: masu ɗaukar hoton jirgin ƙasa a Ingila da Amurka. Abin da suke ɗauka guda ɗaya ne, jirgi a kan dogo, amma har yau ba su gama daidaitawa kan wane hoto ne ya cancanci a kira shi hoton jirgi ba, balle wanda ya cancanci kyauta.

Lokacin da mai saye ne alƙali

Hoton jirgi ya fara ne a matsayin kayan talla. Tun daga 1856 kamfanin Beyer, Peacock da ke Manchester ya riƙa sa wani mai hoto, James Mudd, yana ɗaukar kawunan jiragen da ya ƙera kafin a miƙa su ga masu su. Wannan kamfani ne daga baya ya ƙera wasu daga cikin kawunan jiragen da suka yi aiki a dogon Nijeriya a zamanin Turawa. Gilashin ɗaukar hoto na wancan lokaci ba ya fitar da jan fenti ko baƙi mai sheƙi yadda ya kamata, sai komai ya haɗe ya zama dunƙulen duhu. Dabarar da masana'antu suka yi ita ce su shafe sabon kan jirgi da fenti ruwan toka marar ƙyalli, a ɗauki hotonsa, sannan a yi masa fentinsa na ainihi. Bayan haka mai wankin hoto ya bi ya shafe duk abin da ke bayan jirgin, da gine-gine da ma'aikata da tarkace, ya bar shi shi kaɗai a kan fari.

Launin da ke hoton ba launin jirgin ba ne, wurin da aka ɗauke shi ma an goge shi. Duk da haka babu wanda ya kira wannan ha'inci, domin kowa ya san abin da ake nema: mai saye yana so ya ga kowace ƙusa da kowane bututu. Ma'auni a fili yake, alƙali kuma shi ne mai biyan kuɗi. Rigima ta fara ne ranar da aka ɗora wa hoto nauyin bayar da labarin wani abu da ya faru.

Ranar 10 ga Mayu, 1869

A wannan rana ne aka haɗe dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, a wani tudu da ake kira Promontory Summit a yankin Utah. Kamfanin Central Pacific ya taso daga Sacramento a Kalifoniya ya shimfiɗa mil 690, Union Pacific kuma ya taso daga Omaha ya shimfiɗa mil 1,086. Aka kawo ƙusar zinariya, shugaban Central Pacific, Leland Stanford, ya ɗaga guduma, aka buga wayar tangarahu da kalma ɗaya tak mai nufin an gama. Tafiyar da ke cin watanni ta dawo ta kusan mako guda.

Masu hoto uku ne suka yi aiki a wurin: Andrew J. Russell, da Alfred A. Hart, da Charles R. Savage. Ba gasa aka shirya musu ba, amma tarihi ya zauna a kujerar alƙali ya zaɓi hoto ɗaya, na Russell, shi ne ya cika littattafan makaranta. A cikinsa kawunan jiragi biyu sun fuskanci juna, Jupiter na Central Pacific da mai lamba 119 na Union Pacific. A tsakiya manyan injiniyoyin kamfanonin biyu, Samuel Montague da Grenville Dodge, suna musabaha. Mutane sun hau kan jiragen suna miƙa wa juna kwalabe, taro ya jeru hagu da dama. Ta fuskar tsari, hoton ba shi da makusa. Ido na shiga sai ya zarce tsakiya inda hannuwa biyu suka haɗu.

Ya kamata mu san yadda ake ɗaukar hoto a lokacin. Mai hoto yakan shafa wa gilashi sinadari, ya sa shi a kyamara tun yana da danshi, ya ɗauka, ya wanke shi nan take kafin ya bushe. Dole mutane su tsaya cik na ɗan lokaci, wanda ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Ke nan wannan hoto jera shi aka yi. Wani ya ce wane ya matso, wane ya hau sama, wane ya ja baya.

To, idan jigon hoton shi ne kammala aikin dogo, su wa suka yi aikin? A ɓangaren Central Pacific, mafi rinjayen leburori, wajen kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, Sinawa ne, dubbai daga cikinsu. Su suka fasa duwatsun Sierra Nevada suka haƙa ramukan jirgi 15 a cikin dutse, cikin ƙanƙara da nakiya. Ana biyansu ƙasa da fararen fata, kuma su suke ciyar da kansu. A watan Yunin 1867 kimanin 3,000 daga cikinsu suka tafi yajin aiki, aka datse musu hanyar abinci, bayan kusan mako guda suka koma. Ranar 28 ga Afrilu, 1869, su da wasu 'yan Ireland takwas suka shimfiɗa mil 10 na dogo a yini ɗaya. Sunayen mutum takwas ɗin nan suna rubuce har yau, na Sinawan kuwa ba a rubuta ba.

A hoton Russell da ƙyar za a nuna fuskar Basine guda. Masu bincike suna ta ja-in-ja kan mutum ɗaya ko biyu da ke rakuɓe cikin taron, wannan kaɗai ya isa ya nuna girman giɓin. Abin mamaki, Russell ɗin nan ya ɗauki wani hoton a ranar, na Sinawan da suka ɗora ƙarfen dogo na ƙarshe. Hoton yana nan, amma ba shi aka zaɓa ba. Shekara 13 bayan bikin, a 1882, Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar.

Hoton da ya yi zarra bai yi ƙarya ko ɗaya ba, duk wanda ke cikinsa ya halarci wurin. Sai dai ya amsa jigon bikin shugabanni, aka kuma karɓe shi a matsayin amsar jigon aikin gina dogo. Wanda ya zaɓa shi ne ya sauya jigon bai sanar da kowa ba.

Ƙungiyoyi da dokokinsu

Da kyamara ta yi araha, sai masu sha'awa suka shigo. A Ingila, Maurice Earley ya kafa ƙungiyar masu hoton jirgi, Railway Photographic Society, a 1922. Tsarinsu zai yi mana kama da wanda muka saba: kowa ya sa hotonsa a kundi, kundin ya zagaya hannun 'yan ƙungiya, kowa ya rubuta sharhinsa. A Amurka kuma littafin Lucius Beebe mai suna High Iron ya fito a 1938, mujallar Trains ta biyo baya a 1940. Daga waɗannan wurare wani ma'auni ya kafu. Mai hoto ya tsaya gaban jirgi ta gefe, yadda za a ga goshinsa da dukan tsawonsa yana tsukewa zuwa baya kamar wejin tayar mota. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Lambar jirgi ta karantu. Kada falwaya ta fito kamar ta tsiro daga bututun hayaƙi. Idan jirgin a tsaye yake, sandunan ƙarfen da ke juya ƙafafunsa su kasance a ƙasa don a ga komai.

Kada mu raina waɗannan dokoki. Albarkacinsu ne aka san kamannin dubban kawunan jiragen da tuni aka narkar da su. Akwai kuma waɗanda suka yi abin a-zo-a-gani a cikin wannan tsari, kamar Eric Treacy, babban limamin coci a Wakefield, wanda ajali ya riske shi a 1978 a tashar Appleby yana jiran jirgin da zai ɗauka. Illar ita ce, da doka ta daɗe sai ta zama ita ce ma'anar abin. Hoton da ya bi ta shi ne hoton jirgi, wanda ya kauce kuskure ne. Mai zuba kwal, da mai share ƙarfe, da fasinjan da ke gyangyaɗi a tasha, duk suka zama cikas da ake jira su gusa kafin a danna.

Wasu ba su yarda ba. A 1942 da 1943 gwamnatin Amurka ta tura Jack Delano ya ɗauki aikin dogo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da fuskokin ma'aikata, har da matan da ke goge kawunan jirage a Clinton ta jihar Iowa suna cin abincin rana da kayan aikinsu. A Birtaniya, Colin Gifford ya fitar da littafin Decline of Steam a 1965, shekara uku kafin a daina jan jiragen ƙasar da tururi. A hotunansa jirgi kan zama ɗan ƙaramin inuwa can cikin hazo da hayaƙin masana'antu, yara na wasa a gaba. Wasu suka ce ya buɗe musu ido, wasu suka ce ko lambar jirgin ba a gani, wannan wane irin hoton jirgi ne?

Dare ɗaya a Iaeger

Wanda labarinsa ya fi amfanar mu shi ne O. Winston Link, haifaffen Brooklyn a 1914, wanda ya karanta aikin injiniya amma ya ci abinci da hoton talla. A 1955 ya lura cewa kamfanin Norfolk and Western ne babban kamfanin da ya rage yana aiki da tururi a Amurka, sauran sun koma dizal. Ya nemi izini, aka ba shi, amma da kuɗin aljihunsa ya yi aikin. Daga 1955 zuwa 1960, lokacin da kamfanin ya kashe wutar tururi, ya ɗauki hotuna wajen 2,400.

Shahararrun hotunansa da dare ya ɗauke su. Dalilinsa na ma'aikaci ne: ba shi da iko da rana, ba shi da iko da inda dogo ya bi, amma cikin duhu shi ke ajiye haske inda ya so. Sai ya jera ƙwayayen fitila masu walƙiya sau ɗaya su mutu, ya haɗa su da dogayen wayoyi, ya jira jirgi. Idan ya danna kafin lokaci ko bayansa, aikin yini ya tafi a banza.

A watan Agustan 1956, a garin Iaeger na jihar West Virginia, ya ɗauki hoton da ake kira Hotshot Eastbound. Wurin silimar fili ce wadda ake kallo daga cikin mota. A gaba ga saurayi da budurwa a mota mai buɗaɗɗen sama, sun jingina da juna. Gabansu motoci sun jeru. A kan allon majigi ga jirgin sama. Can ta dama jirgin kaya mai tururi yana wucewa a guje, hayaƙi ya miƙe a bayansa. Ƙwan fitila 43 ya ƙona a dannawa ɗaya. Motar da masoyan ke ciki tasa ce, shi ya zaunar da su. Hasken kuma ya wanke allon majigin ya koma fari fat, don haka jirgin saman da ake gani daga wani fim na daban ya ɗauko shi ya ɗora a wurin wankin hoto.

Yanzu mu ɗauka mu ne alƙalai, an ajiye mana wannan hoto. Idan jigon gasar shi ne ƙarfin kan jirgi mai tururi, akwai hujjar ajiye shi gefe, domin jirgin ya kama ɗan yanki ne na hoton, kuma ba shi ido ke fara gani ba. Idan jigon shi ne jirgi da jama'ar gari, da wuya a sami wanda ya fi shi. Idan kuwa jigon shi ne ƙarshen zamani, to ya amsa shi fiye da yadda mai bayar da jigon ya zata: mota a gaba, jirgin sama a kan allo, su ne abubuwa biyun da suka ƙwace wa jirgin ƙasa fasinja, ga shi kuma yana wucewa ba wanda ya waiwaye shi. Amma idan dokar gasar ta ce ba a yarda a haɗa fim biyu ba, ko ba a yarda a jera mutane ba, to ya faɗi tun a bakin ƙofa, komai kyansa. Hoto ɗaya, hukunci huɗu, kuma kowanne yana da hujja. Abin da ya bambanta su shi ne abin da aka rubuta a takardar gasa.

Link bai samu karɓuwa a gidajen baje kolin zane ba sai a shekarun 1980. Ya rasu a 2001, a 2004 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a tsohuwar tashar fasinja ta Roanoke a Virginia.

Gasannin yau

A yau gasar hoton jirgi ta zama al'ada. Mujallar Trains takan shirya tata bisa jigo. Cibiyar da John Gruber ya kafa a Madison ta jihar Wisconsin a 1997, Center for Railroad Photography & Art, tana bayar da kyaututtuka da sunansa, ita ma da jigo. A Birtaniya, gasar Landscape Photographer of the Year ta yi shekaru a baya tana da rukuni na musamman na hoton dogo a cikin shimfiɗar ƙasa, da tallafin Network Rail. Duk inda aka sa jigo, tsohuwar gardamar nan sai ta dawo. 'Yan tsohon ma'auni su ce an ba hoton faɗuwar rana kyauta alhali jirgin ɗigo ne a gefe. 'Yan ɗaya ɓangaren su ce idan kundin lambobin jirgi ake so, me ya sa aka kira shi gasa?

Akwai hukunci biyu da suka taimaka wajen rarrabe zare da abawa. A 2012, a waccan gasa ta Birtaniya, an karɓe babbar kyauta daga hannun wanda aka riga aka sanar. Hotonsa na kwale-kwalen da aka kife ne a tsibirin Lindisfarne, ba na jirgin ƙasa ba, amma darasin ya shafi kowa: an gano gyaran da ya yi da kwamfuta ya zarce abin da dokar rukuninsa ta yarda da shi. Masu gasar ba su ce ya yi niyyar yaudara ba, sun ce doka ce ya ƙetare. A 2015 kuma gasar World Press Photo ta janye kyautar farko daga jerin hotunan da aka ce na garin Charleroi ne a Beljiyam, bayan an tabbatar ɗaya daga ciki a unguwar Molenbeek ta birnin Brussels aka ɗauke shi.

Daga nan za mu ga tambayoyi uku ne muke cakuɗawa idan rai ya ɓaci. Ta farko, aikin ya bi doka? Wannan amsarta i ko a'a ce, ana iya tabbatar da ita. Ta biyu, aikin ya faɗi gaskiya game da kansa? Ita ma ana iya bincikenta. Ta uku, ya dace da jigo? Wannan ce kaɗai ke buƙatar fahimta da hujja, kuma ita ce mutane biyu masu gaskiya za su iya saɓawa a kanta. Wanda aka kayar a ta uku bai kamata ya yi ihu kamar an karya ta farko ba. Alƙalin da ya kau da kai daga ta farko kuma ba shi da damar fakewa da cewa ra'ayi riga ce.

Komawa Promontory

Shekara 100 bayan ƙusar zinariya, a 1969, aka yi biki a wurin. Sakataren sufuri na Amurka, John Volpe, ya yi jawabi yana tambayar wa zai iya fasa waɗannan duwatsu ya shimfiɗa mil 10 a yini in ba Amurkawa ba. Philip Choy, wanda ya zo a madadin ƙungiyar tarihin Sinawan Amurka, yana zaune a wurin, an cire jawabinsa daga jadawali. Hoton da aka zaɓa tun 1869 ya riga ya koya wa mutane abin da za su tuna.

Wani ɗan Sinawa haifaffen New York, Corky Lee, ya ga hoton Russell a littafin makaranta yana yaro, ya nemi fuska irin tasa bai samu ba. Ya girma ya zama mai hoto. Ranar 10 ga Mayu, 2014, shekara 145 cif, ya tara Sinawan Amurka, cikinsu har da jikokin leburorin, ya jera su a gaban kawunan jiragi biyu a daidai wurin, ya ɗauka. Kawunan jiragen kwaikwayo ne da aka ƙera a 1979, domin na ainihin an daɗe da sayar da su a matsayin ƙarfen gwangwan. Dogon ma sabo ne, na asali an tumɓuke shi a 1942 don aikin yaƙi. Babu mutum ɗaya a hoton da ya riƙe diga a Sierra Nevada. Duk da haka, idan jigon shi ne su wa suka gina dogon nan, hoton Lee ya fi na Russell kusa da amsa. A wannan shekarar ce Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sa leburorin Sin a zauren girmamawarta. Jami'ar Stanford, wadda mai gudumar nan ya kafa, kuma inda ƙusar zinariyar take ajiye, ta fara babban bincike kan rayuwarsu tun 2012.

Abin da ya shafe mu

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara. A 1933 Rupert East ya nemi malamai su rubuta labarai, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Kira ɗaya aka yi, amsoshi biyar suka fito, ba wanda ya yi kama da ɗan uwansa: ga na yawon duniya da barkwanci, ga na yaƙi, ga na bauta da ƙetare hamada, ga na soyayya da ramuwa. Abin da aka zaɓa a wancan lokaci shi ɗalibai suka yi ta karantawa shekara da shekaru. Zaɓin alƙali ba ya ƙarewa a ranar bayar da kyauta, shi ke nuna wa na baya abin da ake kira labari.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Masu shirya gasa, ku rubuta jigo yadda za a iya riƙe ku da shi. Idan kun ce "Gida", ku faɗa mana ko dole labarin ya faru a cikin gida, ko kuwa labarin ɗan gudun hijirar da ya rasa nasa ma ya shiga. Ku faɗi maki nawa jigo ke da shi, nawa salo, nawa ƙa'idar rubutu, tun kafin mu fara. Alƙalai, ku rubuta dalili ko da layi biyar ne a kan kowane labarin da ya ci. 'Yan ƙungiyar Earley sun yi hakan da hannu a kan takarda tun 1922, mu da muke da waya a tafin hannu ba mu da uzuri. Shirun alƙali shi ke haifar da zargi.

Mu kuma masu shiga, akwai gwajin da hoton Link ya koya mana. A cire jirgin daga hoton Iaeger, sai ya zama hoton masoya a silima, ma'anarsa ta rushe, duk da ƙanƙantar wurin da jirgin ya kama. To mu yi wa labaranmu haka kafin mu tura. Mu cire jigon mu gani. Idan labarin ya tsaya daram ba abin da ya same shi, to tsohon labari ne muka ɗauko muka liƙa masa kalmar jigo a sakin layi na ƙarshe, kuma alƙali mai ido zai gane. Idan kuwa ya rushe, to ya dace da jigo ko da sau ɗaya ba mu ambaci kalmar ba. Sannan mu tambayi kanmu abin da hoton Russell ya bari ba amsa: wa ya yi aikin da labarina ke magana a kai, kuma yana ciki, ko na ce ya ja baya don hoton ya yi kyau?

Wanda ke da labarin da aka taɓa ce masa bai dace da jigo ba, ya ɗauko shi ya yi masa wannan gwaji, ya zo mana da abin da ya gano. Wataƙila alƙalan ne suka yi kuskure, wataƙila kuma mu ne. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.